Kogin Platte, Hanyar Ayari da Masaukin Tsuntsaye

A tsakiyar ƙasar Amurka, cikin jihar Nebraska, akwai wani kogi da a ke kira Platte. Faɗi gare shi, amma ba zurfi. Yana ratsa fili mai ciyawa, iyakar ganin ido.

A da kabilar Pawnee ke zaune a gaɓarsa, suna noman masara, suna farautar ɓauna, garke-garke ba ƙidaya. Sa'an nan Turawa masu ƙaura zuwa yamma suka mai da gaɓar nan hanyarsu, da kekunan shanu. A 1848 aka gina sansanin soja, watau Fort Kearny, don tsaron ayari. Hanyar jirgin ƙasa ta biyo baya, aka gama ta a 1869. Maharba suka far wa ɓauna saboda fata, kafin 1890 ta kusa ƙarewa. Pawnee kuma aka tashe su zuwa Oklahoma wajen 1875.

To, baƙon da ya je yau zai tarad da sansanin ya zama wurin tarihi. Amma babban abin kallo sai watan Maris, sa'ad da waɗansu tsuntsaye dangin gauraka, fiye da 500,000, ke sauka a kogin. Da rana su yi kalar masara a gonaki, da dare su kwana tsaye cikin ruwa. Masu kallo kan ɓuya cikin bukkoki tun asuba, kada su firgita su.

Sai dai ana jan ruwan kogin zuwa gonaki, har ya ragu ƙwarai. Ku lura, yara, haka ɓauna ta cika filin nan, ba wanda ya zaci za a wayi gari babu ita.