Allon Saƙo a Ƙauyukan Iowa

Gwiwa ta ce ya isa, shi ya sa bana ban shiga RAGBRAI ba, kuma ba na jin zan sake shiga. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ames, wanda na bar wa kekena, shi ya tafi. Da ya dawo sai ya ce, "Kawu, wai da can da babu wayar hannu, yaya kuke gano junanku a cikin wannan taro?" Ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, domin babu abin da nake kewa kamar wannan a tafiyar nan ta mako guda, wadda ake ratsa jihar Iowa ta Amurka a kan keke daga yamma zuwa gabas a ƙarshen watan Yuli.

Allo muke dubawa. Duk garin da za a kwana yakan kafa manyan alluna kusa da teburin kwamitin gari, a filin makaranta ko a dandalin tsakiyar gari. Kafin azahar an fara manna takardu: wani ya rubuta a bayan ambulan, wani a kan farantin takarda, wani ya yago kwali. Direban da ya riga ku isa da kaya zai rubuta sunan ƙungiya da manyan baƙaƙe, ya ce mun kafa tanti a bayan coci kaza, ko muna farfajiyar gidan wance. Kai kuma ka iso da la'asar, cinya na rawa, gumi ya bushe ya bar gishiri a fuska, ka jingine keke ka kutsa cikin masu karatu. A nan za ka ga uba na cigiyar ɗansa, wani na neman wanda ya tsinci tabarau, wata na godiya ga baƙon da ya gyara mata sarƙa a hanya.

Takardar za ta ba ka sunan titi, amma ba za ta kai ka ba. Dole ka tambaya. Tsohuwar da ke zaune a baranda za ta kwatanta maka, ta ƙara da ruwan sanyi, ko wani yaro ya hau ƙaramin kekensa ya ce bi ni. Ta haka muka riƙa shiga gidajen mutane. Akwai matar da ta ga ina neman gefen da zan yi salla a cikin ciyawa, ta kira ni ciki, ta ture kujerun falonta ta shimfiɗa mini tawul mai tsabta. Mun shekara da shekaru muna musayar wasiƙa da iyalinta.

Wanda ya sa ni a wannan hanya wani malamin sakandare ne da ya yi ritaya, na san shi a farkon shekarun 1980 lokacin da na zo karatun aikin gona. Shi tun shekarun farko yake ciki, kuma ba ya gajiya da labarin 1973, lokacin da John Karras da Donald Kaul, 'yan jaridar Des Moines Register, suka gayyaci masu karatunsu su raka su. Kimanin mutum 300 suka hallara a Sioux City, 114 ne suka kai Davenport. Cikinsu har da Clarence Pickard, dattijo mai shekara 83, a kan keken mata na hannu, da riga mai dogon hannu da hular kwano irin ta Turawan mulki na da, cikin zafin Agusta. Malamina yakan kawo sunansa duk sanda ya ji wani yana ƙorafin kekensa ya yi nauyi.

Doka ɗaya ya kafa mini: kada ka wuce gari ba ka sa ƙafa a ƙasa ba, kuma kada ka tashi ba ka sayi wani abu ba, ko da masara ɗaya ce da aka tsoma a man shanu. Ya ce garin da mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ya yi watanni yana shiri saboda 'yan sa'o'in da za mu yi a cikinsa. Da kuɗin nan 'yan kwana-kwana na sa kai ke sayen kayan aiki, da shi matan coci ke gyaran rufi. Shi ya koya mini yin faci a bakin gonar masara ba tare da jefar da tif ba, da ɗaga murya a ce "ta hagunka" kafin a wuce mutum, da "mota a baya" don na gaba su matsa.

Da ya zo kan maganar mutanen karkara, sai ya koma Litinin ɗin nan ta 1981, tsakanin Mapleton da Lake City, ranar da ruwan sama da iska mai sanyi suka dira a kan mahaya a ƙarshen Yuli. Manoma ne suka fito da a-kori-kura da motocin ɗaukar shanu suna kwasar mutane da kekunansu, suka buɗe gidaje da gareji. Babu wanda ya kira su. Sun leƙo ne suka gani.

Har wanda ban taɓa cin abincinsa ba ina tuna shi. Paul Bernhard, mutumin Bancroft, a da yakan faka bas ɗinsa mai ruwan hoda a bakin hanya yana gasa naman alade a kan wutar totuwar masara. Ni dai wucewa nake yi, amma in na hango hayaƙin nan na ji kiransa mai ja, na san an ci rabin tafiyar ranar.

Ba na ƙin keke mai batir. Na ga tsofaffi da marasa lafiya da ya mayar kan hanya. Abin da ke ci mini rai shi ne sabon mahayin da ya biya an kafa masa tanti, waya ta ja shi har bakin ƙofa, lasifika na ruri a kan sirdi, ya wuce ka ba ko gyaran murya. Irinsa zai tsoma tayar baya a Kogin Misuri, ya tsoma ta gaba a Misisifi, a tsakani bai gaisa da ɗan gari ko ɗaya ba. A 2023, tafiya ta 50, da aka sake tashi daga Sioux City zuwa Davenport, jama'a ta yi yawan da layin waya ya riƙa cushewa a ƙananan garuruwa. Na ga samari tsaye suna ɗaga waya sama, alhali ga mutanen gari a kujerunsu taku biyar daga gare su.

Kaul ya rasu a Yulin 2018, Karras a Nuwamban 2021. Sunan Karras yana nan a kan zagayen da ke cika tafiyar yini ta zama mil 100, kuma tafiyar ta riga ta taka duk gundumomi 99 na jihar. Amma na san wani ƙaramin gari da matansa suka kwana suna gashi, washegari ayari ya keta su da sassafe kowa na sauri ya riga rana. Da yamma na tarar da su suna raba ragowar abincin kyauta, ɗaya daga cikinsu tana lissafin abin da suka kashe a kan fulawa da sukari. Ta ce mini, in aka sake tambayarsu, sai sun yi shawara tukuna.