Dajin Ekuri: Ƙauyuka Biyu Da Suka Sa Gwamnati Ta Sake Shawara

Ekuri ƙauyuka ne biyu, tsoho da sabo, a Ƙaramar Hukumar Akamkpa ta Jihar Kuros Riba. Mazaunansu ne ke riƙe da daji mai faɗin hekta 33,600, daura da Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba. A 1992 suka kafa ƙungiyar Ekuri Initiative, suka tsara da kansu inda za a yi noma da inda gatari ba zai shiga ba. Wannan tsari ya jawo musu lambar yabo ta Equator daga Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004.

Babbar jarrabawarsu ta zo a 2016, lokacin da gwamnatin jihar, domin shimfiɗa hanya mai tsawon kilomita 260, ta soke haƙƙin mallakar filaye har kilomita 10 a kowane gefen hanyar, faɗin da ya zarce buƙatar kowace irin hanya. Mutanen Ekuri suka yi zanga-zanga, suka kai koke Abuja da sa hannun dubban magoya baya. A 2017 gwamnatin ta janye umarnin, aka kuma karkatar da hanyar daga dajinsu.