Duwatsun Murhu Uku a Cikin Kwamfutar Gem

Kwanakin baya wani saurayi ya shigo shagona da kwamfutarsa a kafaɗa, ɗan kwali a hannu. Ko zama bai yi ba ya ce, "Baba, yayana ya aiko mini da firosesa sabuwa fil. A ɗora mini, gem ɗina ya daina sarƙewa." Na kwance murfin, na hure ƙurar hunturu, sai ga madabod mai soket LGA 1155 da Core i5-2500K a kai, 'yar 2011. Na buɗe kwalin, na ga Ryzen 5 5600. Na ce, "Ɗana, amarya kam ka kawo, amma ba ta da ɗaki a gidan nan."

Na faɗi wannan magana ga mutane da yawa tun da na fara sana'ar nan a Kano a ƙarshen shekarun 1990. Firosesa da madabod da ram tamkar duwatsun murhu ne, ka zare ɗaya tukunya ta karkata. Tarihin aikinmu kusan duka labarin soket ne, wato ɗan gurbin da firosesa ke zama, da yadda kamfanoni suka yi ta canza shi.

Lokacin da nake yaron shago, Socket 7 ke tashe a cikin kayan tokumbo da ake kawo mana daga Legas. Soket ne mai karɓar baƙi. Pentium ta Intel ta zauna, K6 ta AMD ta zauna, 6x86 ta Cyrix ma ta zauna. Mai son Quake, wanda ya fito a 1996, sai ya canza firosesa, ya ƙara katin Voodoo na kamfanin 3dfx, shi ke nan. Sai dai a zamanin madabod ba ya gane firosesa da kansa. Da hannu ake saita ƙarfin wuta da gudu, ta wasu 'yan mitsi-mitsin murafai da muke kira jamfa, ba irin ta sawa ba. Wata rana na ɗora K6-2, mai buƙatar bolt 2.2, na manta jamfa tana kan 3.3 na tsohuwar Pentium. Ƙaurin da ya tashi har yau yana hancina. Maigidana bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini littafin madabod ɗin ya ce, "Karanta kafin ka kunna. Wuta ba ta san kai sabon shiga ba ne."

Wannan zaman gida ɗaya bai daɗe ba. A 1997 Intel ta fitar da Pentium II a Slot 1, firosesa ta koma kamar kaset ɗin bidiyo ana soka ta a tsaye. AMD ta bi da Slot A da Athlon a 1999, sannan Socket A a 2000. Daga nan kowa ya kama gabansa, kuma har yau firosesar Intel ba ta hawa madabod na AMD.

Duk da haka, waɗannan shekarun su ne na dabara. Celeron 300A ta 1998, wadda aka yi don masu ƙaramin ƙarfi, in ka ɗaga gudun hanyarta daga 66 zuwa 100, sai ta tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ta kamo masu tsada. A kan Athlon da Duron na farko, da fensir ake goga wasu 'yan gadoji da aka yanke a saman firosesa, baƙin fensir ɗin ya haɗa su, gudun ya buɗe. Kuskure kuwa ba a yafe shi. Ka danna abin sanyaya a karkace, gefen firosesa ya ɓare. Ka kunna ba fanka, cikin daƙiƙu ta ƙone. A farkon shekarun 2000 kuma aka yi annobar kafasito. Kwamfuta ta dinga mutuwa ana tsakiyar gem, ka buɗe ka ga kawunansu sun kumbura suna tsatsafo da ruwan tsatsa. Da zafin Kano da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, mun ci abinci sosai da aikin dalma a lokacin.

A 2004 Intel ta kawo LGA 775, ta kwashe ƙafafun daga jikin firosesa ta mayar da su cikin soket. Da can ƙafa ta lanƙwashe sai ka miƙar da ita da bakin reza. Yanzu ɗan yatsa ya kuskure, madabod ne ya tafi. A shekarun ne kuma PCI Express ya ture AGP, DDR2 ya ture DDR, don haka mai son ci gaba sai ya zubar da katin hotonsa da ram ɗinsa gaba ɗaya. Amma 775 ya yi tsawon rai, daga Pentium 4 zuwa Core 2 Duo ta 2006 har Core 2 Quad. Daga baya ma 'yan sana'a suka gano ana liƙa wata 'yar sitika a ƙarƙashin Xeon ta soket 771, wadda aka kwance daga manyan injinan ofis, a ɗan feƙe bakin soket, ta zauna daram a 775.

Abin da ya ɗaure duwatsun uku tamau shi ne shigar da mai kula da ram cikin firosesa kanta. AMD ta fara da Athlon 64 a 2003, Intel ta biyo da Core i7 a 2008. Tun daga nan firosesa ce ke yanke irin ram da za ta ci. Intel kuma ta ɗauki al'adar canza soket bayan zubi biyu: 1155 a 2011, 1150 a 2013, 1151 a 2015. A 2017 ta fitar da zubi na takwas a soket mai ƙafafu 1151 ɗin dai, firosesa ta shiga ta zauna, amma tsohon madabod ba zai tashe ta ba. Mun sha yi wa kwastoma bayanin wannan yana kallonmu kamar muna son cutarsa.

Sauƙin ya zo daga soket AM4 na AMD. Ryzen ta fito a 2017, kuma soket ɗin bai canza ba har Ryzen 7 5800X3D ta 2022, wadda 'yan gem suka yi rububinta. A 2020 AMD ta ce madabod masu B450 ba za su ɗauki zubi na 5000 ba, jama'a suka yi ca, ta janye. Sai aikinmu ya koma sabunta bayos, wato manhajar da ke tada madabod, da filashi, muna addu'a kada a ɗauke wuta ana tsaka da yi. AM5 ya zo a ƙarshen 2022 da DDR5 kaɗai, murhun ya sake sabo. Windows 11 ma ta ƙara tura mutane, tunda ba ta amince da Intel ƙasa da zubi na takwas ba, ga shi an rufe tallafin Windows 10 a Oktoban 2025.

Duk wannan ban zayyana wa saurayin ba. Na lissafa masa kawai: madabod B550, ram DDR4 guda biyu, man shafawa tsakanin firosesa da fanka. Na gwada fawarsa, na ga da sauranta. Katin hotonsa zai shiga, domin PCI Express sabo yana karɓar tsoho. Ya yi shiru yana lissafi, ya ce, "Baba, kuɗin ya fi ƙarfina." Na ce ya bar tsohon madabod da firosesa da ram a haɗe, kada ya raba su, masu shagon buga takardu za su saya, ya rage zafi.

Bayan mako biyu ya dawo da cikon. Na share akwatin, na ɗauko sabon madabod na ɗora a kan 'yan ƙusoshin tagulla da ke ciki. Ramukan suka hau daidai, ko ɗaya bai goce ba. Tsarin ATX ne, wanda Intel ta fitar a 1995, kafin a haifi yaron. Soket nawa aka binne tun lokacin, amma ramukan nan suna nan inda na same su ina yaron shago. Na miƙa masa sukudireba na ce ya ɗaure da kansa, amma kafin ya taɓa makunni sai da na sa ya karanta littafin.