Ƙwallon Yara da Gata a Ƙasar Abzin: Daga Iferwan zuwa Arlit

Iferwan gari ne na lambuna da dabino a arewacin duwatsun Abzin, cikin jihar Agadas, a gindin dutsen Tamgak. Mazaunansa Abzinawa ne, harshen gida Tamashek, amma Hausa ita ce harshen kasuwa da na tafiya, domin kakanninsu sun daɗe suna kai da komo tsakanin Bilma, Damargu da Kano. Ƙwallon ƙafa baƙo ne a nan, bai kai shekara ɗari ba. Tarihinsa a wannan yanki ya rataya ne a kan tambaya guda: wane yaro ne ke da lokacin wasa, kuma wa ya ba shi wannan lokacin?

Kafin zuwan lakwal, wato makarantar boko, tarbiyyar yaro a Abzin aiki ce. Ɗan mai lambu yakan tashi da asuba ya kora dabbar da ke jan guga a rijiya, ya bi ruwa yana buɗe masa hanya daga fage zuwa fage. Yarinya tana bin awaki tare da uwarta. Ɗan mai raƙuma, da zarar ya yi ƙwari, sai a ɗauke shi cikin ayarin gishiri da ke ratsa Tenere bayan damina zuwa Fashi da Bilma, daga can kuma a gangara ƙasar Hausa a sayo hatsi da tufafi. Yaro kan yi wata da watanni ba ya gida, yana koyon ɗaurin kaya da haƙurin ƙishirwa a ƙarƙashin madugu. Wasa akwai shi: kokawa, tsere, da sukuwar raƙuma a gefen mata masu kiɗan tende. Amma wasan da ya fi daraja, wato na raƙumi, gata ne tun asali. Wanda ubansa ba shi da raƙumin hawa ɗan kallo ne.

Turawan Faransa sun taka Iferwan tun 1899, lokacin da ayarin Foureau da Lamy ya yada zango a garin, amma sai bayan murƙushe yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917 mulkinsu ya zauna a Abzin. Ƙwallo ya bi hanyar da ya bi a sauran ƙasashen da suka mulka: barikin soja da filin makaranta. A nan ne aka sami wani juyi mai ban sha'awa. Da aka fara buɗe makarantun makiyaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan gidajen Abzinawa da yawa sun ƙi ba da 'ya'yansu. In gwamnati ta matsa, sai a tura ɗan bara ko ɗan talaka ya cika lissafi. Ke nan yaran da suka fara sanin allo da alli, da layi da usur, da ƙwallon da mushe, wato malamin makaranta, ke fitowa da shi bayan darasi, galibinsu ba 'ya'yan masu faɗa-a-ji ba ne. A idon uban da ke alfahari da takobi da rawani, gudu a bayan ƙullin fata da gajeren wando bai dace da ɗan mutunci ba. Kunya da kamun kai, waɗanda Abzinawa ke ɗaukakawa matuƙa, ba su jitu da ihu da faɗuwa cikin ƙura a bainar jama'a ba.

Abu biyu ne suka sauya lissafin, kuma kusan lokaci ɗaya suka zo. Na farko fari: na 1973 zuwa 1974, sannan na 1984 zuwa 1985, waɗanda suka karkashe dabbobi suka tilasta wa dubban iyalai zama wuri ɗaya. Na biyu uraniyom. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da ma'adini a Arlit a 1971. Cominak ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a Akokan a 1978. A cikin hamada tsurarta, yamma da Iferwan, aka tayar da gari sabo fil, aka shimfiɗa masa kwalta har Tawa.

Arlit gari ne da aka zana bisa muƙami. Manyan ma'aikata na da unguwarsu, matsakaita na da tasu, leburori na da tasu. A cikin unguwannin kamfani akwai ruwa da lantarki, asibiti, makaranta, gidajen shaƙatawa da filayen wasa. A bayan katanga kuwa masu neman aiki da waɗanda fari ya koro suka kakkafa matsugunai, har unguwar ta ci sunanta na Hausa, Bukoki. Manyan ƙungiyoyin ƙwallon garin, Urana da Akokana, sunayensu kaɗai sun isa shaida: ɗaya daga ma'adinin, ɗaya daga unguwar Akokan. A inuwar kamfanonin suka girma, suka riƙa buga babbar gasar ƙasa, har Akokana ta ɗauki Kofin Nijar a 2001.

A nan ne gata ya bayyana da siffarsa ta wannan yanki. A Amurka iyaye kan biya dubban daloli a shekara domin ɗansu ya shiga ƙungiyar yara, su kai shi gasa a mota, su tsaya bakin fili suna yi wa alƙalin wasa tsawa. A Arlit ba kuɗin rajista ne shinge ba, katin aikin uba ne. Ɗan ma'aikaci yana kwana kusa da fili, yana cin abinci sau uku, in ya karye akwai asibiti, ba wanda ke jiran ya kawo kuɗin cefane. Yana da takalmi, yana da takardar haihuwa, kuma mai horaswa ya san ubansa. Takwaransa na Iferwan yana iya fin shi ƙafa, amma filinsa yashin gefen ƙorama ne, ragarsa duwatsu biyu, ƙwallonsa sau da yawa tsumma ne ko leda da aka ɗaure da zare. Lokacinsa kuma na lambu ne. Ba don uban ba ya ƙaunarsa ba. Gidan da ke rayuwa da albasa da tafarnuwa da alkama ba ya iya yafe hannun yaro ɗan shekara goma sha uku a ranar ban-ruwa. In za a faɗi gaskiya, uban da ya hana ɗansa ƙwallo a irin wannan gida lissafinsa daidai ne.

Gwamnati ma ta zaɓi nata wasan. Mulkin Seyni Kunce ya farfaɗo da Samariya, ya kuma kafa gasar kokawa ta ƙasa a 1975, wadda ake ba zakaranta takobi. Kokawa ba ta bukatar takalmi ko ciyawa, don haka ta zama wasan da ɗan ƙauye ke iya kai wa ƙoli. Ƙwallo kuwa ya tattara a Yamai. Ban da tsofaffin ƙungiyoyin unguwanni irin su Sahel, Olympic da Zumunta, manyan sunayen gasar na hukumomi ne: soja, jandarma, 'yan sanda, kwastan, kamfanin lantarki da na man fetur. Tsarin Arlit ne aka faɗaɗa: ƙungiya tana rayuwa ne in akwai mai albashi a bayanta. Daga Arlit zuwa Yamai kuwa ya haura kilomita 1,000, kuma ɗan Iferwan sai ya fara cin doguwar hanya marar kwalta kafin ya kai Arlit ɗin.

Sai tashin hankali. Tawayen Abzinawa na farko ya kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995. Na biyu a Iferwan ɗin ya ɓarke, da harin da ƙungiyar MNJ ta kai wa sojoji a Fabrairun 2007, kuma kafin ƙarshen shekarar garin ya kusa zama kufai. Iyalai sun watsu cikin duwatsu, wasu sun nufi Arlit da Agadas. Yaran da ya kamata su yi shekarun koyo, daga sha biyu zuwa sha biyar, sun yi su ne cikin gudun hijira. Maziyartan da suka saba zuwa bikin Abzin, su bar wa makaranta 'yan kayan wasa, su ma ƙafarsu ta ɗauke.

A daidai waɗannan shekaru ƙwallon yara a Afirka ta Yamma ya zama sana'a. An buɗe makarantar ASEC a Abijan a 1994, Génération Foot a Dakar a 2000, Diambars a Senegal a 2003. A Najeriya akwai makarantar Pepsi tun 1992, ga gasar Ramat da ake yi wa matasa a Kano. Ahmed Musa ya bi wannan tsani daga Jos zuwa Kano Pillars, ya wuce Holan a 2010. A Nijar, Musa Ma'azu, haifaffen Yamai, ya tashi daga ƙungiyar soja zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008. Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta je gasar Afirka a 2012 da 2013, ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta 'yan ƙasa da 20 a 2019 a Yamai da Maraɗi. Talabijin da wayar hannu sun kai waɗannan labarai kowace fada da ake shan shayi, har ra'ayin iyaye ya fara karkata: abin da dā ake kira shiririta ya zama abin sa rai.

Sai dai sabon tsarin na takarda ne. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa, sai bisa 'yan sharuɗɗa. Tun 2009 ana duba ƙashin wuyan hannu da na'ura a gasar 'yan ƙasa da 17 don gano shekaru. Yaron da aka haifa a zango, wanda sai lokacin jarrabawa aka nema masa takardar haihuwa wurin alƙali, yana shiga wannan duniya da zargi a kansa, ko da bai rage ko wata ɗaya ba. Haka kuma kashi 5 cikin ɗari da ake warewa daga kuɗin cinikin ɗan wasa, don ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23, mai rajista kaɗai ke samu. Malamin da ya haɗa gasar babban hutu da kuɗin aljihunsa ba ya cikin lissafin. 'Yan mata kuwa, a garuruwan dutse, wasansu ya fi ƙarewa a filin makaranta.

Ita ma inuwar kamfani ta fara janyewa. An rufe Cominak a ƙarshen Maris 2021, iyalai da yawa suka bar Akokan. Tun 2014 kuma, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, samarin Abzin suka sami abin da ke jan su fiye da kowane fili. Iferwan ta zama hedikwatar gunduma a 2011, kuma ƙwallonta a yau na makaranta ne da na hutu: unguwa da unguwa, gari da gari, ana karo-karo a sayi riguna. Yaron da ya yi fice, hanyarsa ta farko ita ce gidan kawu ko gwaggo a Arlit ko Agadas, inda za a riƙe shi da sunan karatu, ya riƙa zuwa atisaye da la'asar.