Bayani: Abin da kalaman shelar Ranar Godiya ta shugabannin Amurka ke ɗauke da shi

A kowane watan Nuwamba, shugaban Amurka kan sanya hannu a wata gajeriyar shela da ke kiran jama'a su keɓe rana guda domin godiya. A zahiri takarda ce ta ladubban ibada, amma kalamanta kan bayyana yadda gwamnati ke son 'yan ƙasa su fahimci halin da suke ciki.

Asalin al'adar

Shugaba George Washington ne ya fitar da ta farko a ranar 3 ga Oktoba, 1789, bisa buƙatar majalisar dokoki, inda ya ware Alhamis 26 ga Nuwamba. Ya ambaci Maɗaukakin Sarki ba tare da jingina Shi ga wata ɗarika ba, ya lissafa sabon kundin tsarin mulki cikin ni'imomin da aka samu, sannan ya nemi a roƙi gafarar laifukan ƙasa. Ya kuma gabatar da kiran a matsayin shawara, domin doka ba ta ba shugaba ikon tilasta ibada ba.

Duk da haka, Thomas Jefferson ya ƙi fitar da irin wannan shela. A wata wasiƙa ta 1808, ya bayyana cewa ko shawara ce, in ta fito daga bakin shugaba, tana iya zama matsin lamba a kan addinin mutane.

Tsarin kalaman

Shelar kan bi matakai uku: lissafa ni'imomi, ambaton Wanda Ya bayar, sai kiran jama'a. A ƙarshe ana rubuta kwanan wata tare da adadin shekarun da ƙasar ta yi tun samun 'yanci a 1776. Siyasar tana cikin lissafin, domin abin da shugaba ya sanya da abin da ya tsallake su ne saƙonsa.

Misali mafi shahara shi ne shelar Abraham Lincoln ta 3 ga Oktoba, 1863, wadda sakataren harkokin waje William Seward ya tsara, bayan doguwar fafutukar editar mujalla Sarah Josepha Hale. An fitar da ita ana tsaka da yaƙin basasa, wata uku bayan gumurzun Gettysburg. Amma da albarkar gona ta fara, ta yi maganar bunƙasar masana'antu da ƙaruwar jama'a, kafin ta nemi a tuna da marayu da matan da suka rasa mazajensu. Ta kuma gayyaci 'yan ƙasa na kowane sashe, wato har da jihohin Kudu da suka ɓalle. Da wannan Lincoln ya nuna cewa a wurinsa ƙasar ba ta rabu ba.

Taƙaddama

A 1939 Shugaba Franklin Roosevelt ya matso da ranar da mako guda domin tsawaita lokacin cinikin Kirsimeti. Jihohi da dama sun ƙi bin sa, har sai da majalisa ta yi doka a Disamban 1941 da ta tsayar da Alhamis ta huɗu a Nuwamba.

Akwai kuma waɗanda ba su ga kansu a cikin kalmar "mu" da shelar ke amfani da ita. Tun 1970, wasu 'yan asalin nahiyar ke taruwa a Plymouth da ke jihar Massachusetts a wannan rana domin zaman makoki kan ƙasa da rayukan da kakanninsu suka rasa bayan zuwan Turawa. Shelar shekarun baya-bayan nan kan ambaci ƙabilar Wampanoag da ta taimaki baƙin farko, amma taron makokin bai daina gudana ba.