Renon Jariran Kyanwa Marayu a Gidan Katta: Inda Sanin Kiwo Ke Amfani da Inda Yake Yaudara

Gidan Katta, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Illela a jihar Sakkwato, ƙasar noma da kiwo ce. Duk ranar Lahadi kasuwar Illela kan cika da shanu da tumaki da raƙuma da jar akuyar nan ta Sakkwato, wasu daga ƙauyukan kewaye, wasu daga tsallaken iyaka ta wajen Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. A irin wannan wuri ba a koya wa mutum renon ɗan akuyar da uwarsa ta mutu. Yaro ma ya san a kama wata akuya mai shayarwa a riƙe ta har maraya ya ƙoshi, ko a tatso madara a ba shi. Amma gidan da ke raya marayun bisashe hankali kwance, idan kyanwar da ke tsaron rumbu ta ci ɓeran da ya sha shinkafar ɓera, ko kare ya kashe ta, ta bar jarirai uku ko huɗu, sau da yawa ba sa kai mako. Sai a ce ai ɗan kyanwa ba ya rayuwa a hannun mutum, a rufe zancen.

Yana rayuwa. Abin da ke kashe shi shi ne ana auna shi da ma'aunin ɗan akuya, alhali halittarsu ba ɗaya ba ce. Akuya na ɗaukar ciki kimanin kwana 150, ɗanta ya faɗo ido buɗe, kafin a jima ya miƙe yana laluben hantsa. Buƙatarsa kusan guda ce, nono. Kyanwa kuwa kwana 63 zuwa 65 take yi, ta haifi abin da bai gama haɗuwa ba: ido a rufe har kwana 7 zuwa 10, kunne a toshe, nauyi kimanin giram 100, wato ƙwan kaza biyu. Ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ba ya iya fitsari ko kashi da kansa. Saboda haka uwar aiki uku take yi masa, da jikinta da harshenta da nononta. Mai reno da ya kawo madara kawai ya ɗauki ɗaya ya bar biyu, kuma wanda ya ɗauka ba shi ne mafi gaggawa ba.

Kafin a kai ga reno ma akwai tambayar da ake tsallakewa: uwar ta mutu kuwa? Kyanwa mai jego na barin 'ya'yanta sa'o'i ta tafi farauta, kuma tana sauya musu maɓoya, tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Yaran da suka tsinci jarirai biyu a gindin rumbu na iya zama su ne suka mayar da su marayu. Jariran da ke kwance a dunƙule, jiki da ɗumi, ciki a cike, suna barci, suna da uwa. Dabara mai sauƙi ita ce a barbaɗa toka a kewayen wurin a ja da baya. Sawu zai faɗi gaskiya. Wannan jiran yana da dalili na likitanci. Dakashi, nonon farko mai ɗauke da garkuwar jiki, hanjin jaririn kyanwa na iya tsotse amfaninsa ne kawai a cikin yini na farko bayan haihuwa, kuma babu madarar da mutum zai haɗa ta maye gurbinsa.

Idan ta tabbata babu uwa, abu na farko ɗumi ne. Zafin jikin babbar kyanwa digiri 38 zuwa 39 ne a ma'aunin Salsiyas, na sabon haihuwa kuwa 35 zuwa 37, kuma a kwanakin farko ko rawar ɗari ba ya iya yi don ya ɗumama kansa. Yana buƙatar makwanci mai digiri 30 zuwa 32 a makon farko. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa a ƙasar Illela, daren kan sauko wajen rabin wannan, ga iska busasshiya mai zuƙe ruwan jiki. Idan zafin jikin jaririn ya faɗi zuwa wajen digiri 34, hanjinsa kan daina motsi. A nan kuskuren da ya fi kisa yake faruwa. An tsinci ɗan kyanwa da safe ya sandare, tausayi ya ce yunwa ce, a ba shi nono. Madarar ta shiga cikin da ba ya niƙa, ta zauna, ta yi tsami, ko ta dawo ta shiga huhu. Ƙa'idar da likitocin dabbobi suka yi ittifaƙi a kanta ita ce ba a ciyar da jariri mai sanyi. A fara sa shi cikin riga a jikin mutum, ya ɗumama a hankali cikin sa'a ɗaya ko biyu. Bayan haka a cika gorar roba da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a ajiye a gefe ɗaya na kwali domin ya samu inda zai matsa idan zafi ya yi masa yawa. Kaskon garwashi ba wurinsa ba ne. Yana ƙona gefe ɗaya, hayaƙinsa kuma na shaƙewa.

Da bazara lissafin ya juye. A Afrilu da Mayu zafin rana na haura digiri 40, ɗakin kwano ya fi haka, sai ƙishirwa ta zama abin tsoro. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ko inuwar da ke kusa da randa ya fi dacewa, kuma dasashi ne ke ba da labari: idan ya bushe yana danƙo, ruwan jiki ya yi ƙasa.

Sai madara, inda mutanen kiwo suka fi amincewa da kansu. Nonon kyanwa nonon mai cin nama ne. Sinadarin gina jiki da ke cikinsa ya ninka na saniya fiye da sau biyu, na saniya kuwa bai wuce kashi 3 da ɗoriya cikin 100 ba. Sukarin madara kusan ɗaya ne a duka biyun, kashi 4 zuwa 5. Matsalar lissafi ce. Cikin jariri mai giram 100 mililita 4 kawai yake ɗauka a lokaci guda, bai kai cokalin shayi ba. Idan zai samu abin gina jikin da yake buƙata daga madarar saniya, sai ya sha ninkin abin da cikinsa zai ɗauka, ya haɗa da ninkin sukari, daga nan sai zawo. Zawo kuwa ga halitta mai wannan ƙanƙanta ba ya ɗaukar kwanaki. Nono mai tsami da kindirmo ba su da gurbi a nan, haka madarar gwangwani mai kauri da aka zuba wa sukari. Yawancin madarar garin da ake aunawa a kasuwanninmu an cire mata man shanu an mayar da man itatuwa, ita ma ba ta kai ba.

Akwai madarar da kamfanoni ke haɗawa musamman don jariran kyanwa, irin su KMR, amma ba hajar shagon ƙauye ba ce. Abin da ke hannu a Gidan Katta shi ne madarar akuya, kuma ita ce mafi dama cikin abin da ake samu, muddin an ƙara mata ƙarfi. A tafasa kofi ɗaya, a bar ta ta huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai ɗaya ko biyu a ciki, banda farin. Wannan haɗi ne na lalura, ba ya cika duk abin da nonon uwa ke bayarwa. Inda babu firiji, abin da aka haɗa da safe ba a ba da shi da yamma.

Kayan aikin sirinji ne ƙarami marar allura, wanda kowane kemis ke sayarwa. A makon farko mililita 2 zuwa 4 ne duk bayan sa'a biyu zuwa uku, dare da rana; a mako na biyu tazarar ta koma sa'a uku zuwa huɗu. Yadda ake riƙe shi ya fi yawan madarar muhimmanci. Hannun da ya saba da jariri ɗan Adam zai so ya kwantar da shi rigingine, wannan kuwa hanyar shigar madara huhu ce. A kife yake sha, ciki a ƙasa, kai a ɗan ɗage, yadda yake kwanciya a jikin uwarsa, ana ɗiga masa yana haɗiya da kansa. Madara ta fito ta hanci, a tsaya. Lafiyayye kan ƙara giram 10 zuwa 15 a kullum, ya kusan ninka nauyinsa cikin mako guda ko kwana goma. Wanda ba shi da sikeli sai ya dogara da ido: mai ƙoshi barci yake yi, mai yawan kuka akwai abin da ke damunsa.

Aiki na uku shi ne wanda makiyayi bai taɓa buƙatarsa ba, shi ya sa ba ya zuwa masa a rai. Har zuwa mako uku, sai uwa ta lashi ƙasan jelar ɗanta kafin ya yi fitsari ko kashi. Mai reno zai yi haka da auduga ko tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwan ɗumi, bayan kowace ciyarwa. Jaririn da cikinsa ya kumbura ya mutu a kwana na uku, aka ce madara ce ba ta karɓe shi ba, sau da yawa wannan ne aka bari.

Magani ma tarko ne. Ƙuma na iya tsotse jinin jariri har dasashinsa ya yi fari, amma fesa masa fiya-fiya ko maganin kaskar shanu kisa ne. A tsince su da hannu ko da mataji mai ƙananan haƙora. Farasitamol guba ne ga kyanwa, babba ko ƙarama, domin hantarta ba ta da hanyar sarrafa shi. Abin da ya fi ƙarfin gida sai ma'aikacin dabbobi, ko asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80 daga Illela. Mace mai juna biyu ta bar wa wani aikin goge kashin, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan abin da ba a sayarwa ba a yankawa? Tambaya ce mai kyau, don tashi sau uku cikin dare na mako uku ba wasa ba ne, kuma ko a hannun ƙwararru wasu na mutuwa. Addini dai bai bar kyanwa a banza ba: Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma ta kawo hadisin Abu Ƙatada cewa kyanwa ba najasa ba ce. Amma a ganina amsar da ta fi sauƙi tana cikin sanin kiwon kansa. Abin da makiyayi ke yi wa ɗan akuya, wato nema masa wata uwa, shi ne mafi inganci ga ɗan kyanwa. Kyanwa mai shayarwa ta fi akuya saurin karɓar ɗan da ba nata ba, musamman idan girmansu ya zo ɗaya kuma an goga masa tsumman makwancinta. Zagaya maƙwabta a tambayi gidan da kyanwa ta haihu ya fi kowane sirinji.

Akwai kuma dalilin da ya shafi rumbu kai tsaye. Daga mako huɗu ake fara yaye, da dakakken kifi ko nama a cikin madarar. Tuwo kaɗai ba ya riƙe kyanwa, domin tana buƙatar sinadarin tawurin da ke cikin nama, wanda Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna a 1987 cewa rashinsa na lalata mata zuciya. A daidai lokacin yayen ne uwa ke fara kawo wa 'ya'yanta ɓera, da farko matacce, daga baya mai rai. A 1930 masani ɗan ƙasar Sin, Zing-Yang Kuo, ya gwada tasirin wannan. Cikin 'ya'yan kyanwa 21 da suka ga uwarsu na kashe ɓera, 18 sun zama masu kashewa. Cikin 20 da aka rena su kaɗai, 9 ne. Cikin 18 da suka tashi tare da ɓera a keji ɗaya, 3 kacal. Wanda ya reni maraya da hannu don ya tsare masa gero da wake, sai ya haɗa shi da wata babbar kyanwa mai farauta tun yana ɗan mako biyar ko shida, in ba haka ba kusan rabi da rabi ne ya samu abin da ya nema.