Waiwaye: Yadda Gilashin Waya Ya Koyi Magana da Ƙwaƙwalwarta

A shekarar 2001 aka buɗe cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, kuma a shekarar ce wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya. Wayoyin wancan lokaci, irin su Nokia 3310, madannai gare su. Yau kuwa, daga mai POS a Kazaure har mai sayar da hatsi a Babura, kowa gilashi yake shafawa. Tsakanin yatsa da ƙwaƙwalwar wayar akwai wani ɗan mitsitsin guntun lantarki da ake kira aisi (IC), wanda tarihinsa ne ya sauya sana'ar masu gyara.

Asalin abin daga Ingila ne, inda E. A. Johnson ya bayyana allon taɓawa a 1965. Sai dai wanda ya fara yaɗuwa shi ne allo mai shimfiɗa biyu, wanda sai an danna su haɗu. Irinsa ne a wayoyin 'yan Chana masu eriya da ɗan tsinke da suka cika kasuwa a da. Aisin wancan zamani, kamar ADS7846, aikinsa kaɗan ne: ya auna ƙarfin lantarki a wurin da aka danna, ya mayar da shi lamba tsakanin 0 da 4095, ya miƙa ta layin SPI da kamfanin Motorola ya ƙirƙiro. Sauran lissafin duk na ƙwaƙwalwa ne. Shi ya sa wayar kan nemi a dangwala alamomi a kusurwoyin allo kafin ta daidaita.

Fitowar iPhone a 2007 ta juya lamarin. Aka koma gilashi mai saƙar siraran layukan lantarki, wanda ke jin yatsa ba sai an danna ba. Nauyin lissafi ya koma kan aisin: shi ke bin saƙar, ya tace hayaniyar lantarki, ya ƙirga yatsu, sannan ya ba da sakamako a gama. GT911 na kamfanin Goodix, alal misali, yana gane yatsu 5 a lokaci guda.

Yawanci siraran wayoyi 6 ne ke haɗa aisin da ƙwaƙwalwa a jikin fileks, wato ɗan faifai mai lanƙwasuwa. Biyu na wuta ne, biyu na zance ta hanyar I2C da kamfanin Philips ya fito da ita a 1982, ɗaya na sake tayar da aisin, ɗaya kuma na ankararwa. Wannan na ƙarshe tamkar sallama ce a ƙofar zaure: maigida ba ya zaman gadin ƙofa, sai an yi sallama ya fito ya ji abin da ke tafe. Haka ƙwaƙwalwa ke hutawa har sai an taɓa gilashi, batir kuma ya daɗe.

Daga nan sai haɗe-haɗe ya biyo baya. A 2012 iPhone 5 ta zo da saƙar a cikin allon hoto, daga baya kamfanoni suka cure aisin taɓawa da na hoto wuri guda. Abin da ya sa ke nan a da mai gyara kan ɓare tachi, wato gilashin taɓawa, kaɗai ya sauya da kuɗi kaɗan, yau kuwa a yawancin Tecno da Infinix sai ya ce sikirin za a sauya gaba ɗaya, a sayo daga kasuwar Farm Centre a Kano. Idan kuma aka sa wanda manhajar wayar ba ta san aisinsa ba, hoto zai fito tas, amma ko ka shafa ba zai motsa ba.

Saboda haka, mai karatu, idan wayarka ta fara danna kanta, fara cire caja, domin caja mai arha tana rikita aisin. In abin bai daina ba, a duba fileks tukuna kafin a yanke wa sikirin hukunci.